Jirgin Kwali Ya Sha Kwalliya: Wasiƙa Zuwa Zariya

Zuwa ga Bazazzagin Tudun Wada, daga taubashinsa da ke Lesta, ƙasar Ingila.

Ubangidanka yana gaida Gwaggo da kyau da kyau, yana tambayar ƙafarta da jikin girma. A gaida amarya da yara, a gaida mutanen majalisar mai shayi ɗaya bayan ɗaya. Nan lafiya lau sai sanyi, wanda in aka gwada shi da naku, hunturun Zariya na watan Janairu ɗumin ɗakin amarya ne.

Labari ya iso har nan cewa roba-robar da ka saya tun kafin azumin waccan shekarar, har yau ledar kamfani na nan jikinta. An ce ta yi baƙi, ta yayyage, iska na kaɗa ta kamar shanyar tsumma, amma ka rantse ba mai taɓa ta, wai kada a ce mashin ya tsufa. An ce madubin ma bai taɓa ganin rana ba. Abin da ya sa ke nan taubashinka ya zauna takanas ta Kano ya rubuto maka labarin wasu dattawa da ya faɗa cikinsu, waɗanda in ka ga abin da suke yi wa sabon kaya sai an yayyafa maka ruwa. Su, ranar da suka sayo abu a kwali, ranar suke wasa wuƙa su feɗe shi.

Daga maƙwabci abin ya faro. Wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin lantarki, ya haura saba'in, gidansa bango ɗaya da na taubashinka. Kullum dare fitilar 'yar rumfar katakon da ke bayan gidansa a kunne take, wani wari kamar na leda mai ɗumi yana fitowa. Wata Asabar Bakanon naka ya leƙa ta kan shinge, ya tarar da shi riƙe da ɗan dutsen guga da bai fi tafin hannun yaro ba, an sa masa safar jarirai, yana goge fiffiken jirgin sama. Tun daga ranar sunansa ya koma Baba Mai Guga. Da aka fassara masa ya yi dariya har da tari, ya ce ya karɓa hannu bibbiyu.

Lahadin da ta biyo baya ya ɗauki taubashinka a mota zuwa filinsu. Gona ce a bayan gari, tumaki na kiwo a gefe, an aske wani yanki na ciyawa ƙwal kamar kan jinjiri ranar suna. Akwai tsohuwar kwantena da suke dafa shayi a ciki, da kujerun roba, da wata 'yar jakar lemu a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa. Mutum goma sha biyar ko ashirin, yawancinsu masu furfura, kowa rataye da rimot a wuya. Kulob ɗin yana ƙarƙashin ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Birtaniya, BMFA, wadda asalinta ya faro tun 1922, kuma babbar cibiyarta ta Buckminster, da aka buɗe a 2017, ba ta da nisa da nan. Kai da jiragen kwalejin Palladan ke wucewa ta kanka safe da yamma tun kana tsallen-badake, amma ba ka taɓa ɗaga kai ba sai in ana neman jinjirin wata, ka sani cewa a nan akwai tsofaffin da wuyansu ya saba da kallon sama fiye da kallon ƙasa.

A da, in ji su, wanda ke son jirgi sai ya ƙera abinsa. Ya sayi zane a takarda, ya yanka katakon balsa siri-siri, ya liƙa da gam, ya lulluɓe da takarda mai shara-shara ko siliki, ya shafe da wani ruwa mai hawa kai. Hunturu guda yakan ƙare a kan jirgi ɗaya. Balsa ɗin nan, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake kawo shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ɓargon karan da ake yi wa yara mota da shi. Kuma ga abin alfahari gare ku: masana tsirrai sun ce dangin rimi ne. Wato da Zagezagi sun farga da wuri, da tuni Rimin Tsiwa ya tashi sama.

Yanzu zamani ya sauya. Jiragen a haɗe suke zuwa cikin kwali daga masana'antun Caina da Biyetnam. Iri biyu ne. Akwai na katako da aka riga aka lulluɓe da leda, wanda suke kira ARF, ma'ana saura ƙiris ya tashi: ka ɗaura fukafukai, ka sa inji da na'urar karɓar umarni, shi ke nan. Akwai kuma na farin soso, ɗan'uwan wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali amma ya fi shi ƙwari, wanda ke zuwa da injinsa na lantarki da fentinsa da komai, batir kawai za ka sa. Abin da ya ci wa kakanninsu wata huɗu, yanzu kafin shayi ya huce an gama.

To a nan gizo ke saƙar. Kamfani in ya buga jirgi, dubbai yake bugawa, launi ɗaya, lamba ɗaya, ɗan matuƙin roba ɗaya mai murmushi ɗaya. Sai ka je fili ka tarar da Piper Cub uku a jere, dukkansu ruwan ɗorawa da baƙin zanen walƙiya a gefe, kamar 'yan Adaidaita Sahu a bakin Kantin Kwari. Akwai labarin da ba sa gajiya da maimaitawa a kwantenar shayi. Mutum biyu sun tashi jirgi iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ɗaya ya sunkuya ya kori ƙuda, da ya ɗago sai idonsa ya sauka a kan jirgin ɗan'uwansa. Ya yi ta murza rimot yana mamakin taurin kan jirgi, alhali nasa yana can bayan shinge ya yi sujada a gonar alkama. Mai labarin yana nan da ransa, kuma tun daga ranar ba ya tashin jirgi sai ya yi wa jelarsa jan fenti.

Amma ba tsoron haɗari kaɗai ke sa su ba. Taubashinka ya lura, kuma ya yarda da su ɗari bisa ɗari, cewa mutumin da hannunsa ya saba da aiki ba ya jin abu ya zama nasa sai ya bar masa alama. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san wannan. Doki doki ne, amma ba mahayin da zai yarda ya fito da sirdi da jalala irin na maƙwabcinsa sak.

Aikin leda shi ne gwanintar Baba Mai Guga, kuma Bakanon naka ya kwashe dare uku yana riƙe masa fiffike. Da farko yakan hura wa tsohuwar ledar iska mai zafi har gam ɗinta ya saki, sannan ya kama gefe ya ja a hankali, haƙarƙarin katako ya fito tsirara. Nan yake gano sirrin masana'anta: inda gam bai kama ba, inda aka bar tsaga. Sai ya gyara, ya bi da sanfefa mai laushi, ya share ƙura da tsumma mai danƙo, don ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ƙarƙashin leda, fitowa take kamar ƙurji a goshin ango. Sabuwar ledar tana da gam a bayanta wanda zafi ke tayarwa. Yakan sa guga a wajen digiri 100 ya ɗan ɗosana a kusurwa huɗu, ya liƙe gefuna yana ja da yatsu, sannan ya ƙara wuta zuwa wajen 150 ya bi tsakiya. Kana kallo ledar da ta yi yamutse za ta miƙe ta ɗame kamar fatar kalangu. Ƙasan fiffike ake fara rufewa kafin sama, kuma daga baya ake tahowa gaba, don bakin kowane haɗi ya kalli jela, iska ba ta samu wurin sa farce ba. Safar jariran kuwa don kada ƙarfe ya karce ledar ne.

A saman kabad ɗinsa akwai wasu naɗe-naɗen leda da ba ya bari a taɓa. Solarfilm ce, wadda wani kamfani a garin Chorley na yankin Lankasha ya shekara da shekaru yana yi kafin ya daina a 2018. Da labarin ya fito dattawan kulob suka yi ta saye suna ɓoyewa kamar masu jin ƙishin-ƙishin tsadar shinkafa. Yanzu yawanci Oracover ta birnin Laifzig na Jamus suke amfani da ita, amma in ka ji Baba yana maganar wancan ja na da, sai ka ɗauka zancen budurwar ƙuruciya yake.

Jirgin soso kuwa ba ya son guga, fenti yake so, kuma ba kowane fenti ba. Wani saurayi ɗan jami'a da ya shigo kulob bana ya sayo fentin feshi na gwangwani, irin wanda ake fesa wa mota, ya fesa wa sabon fiffike na soso mai araha. Sinadarin da ke cikin irin wannan fenti cin soson yake yi. Kafin ya rufe gwangwanin fiffiken ya fara zagwanyewa kamar an zuba wa ƙanƙara ruwan zafi. Ba wanda ya yi masa dariya a ranar. Wani dattijo ya buɗe but ɗin motarsa ya ba shi fiffiken da ya rage daga wani jirgi da ya riga mu gidan gaskiya, sannan ya zaunar da shi ya karanta masa ƙa'ida. A fara goge soson da barasar asibiti don cire maiƙon da ya taho da shi daga masana'anta. A cike ramuka da ƙullin bango marar nauyi. A yi amfani da fentin da ake sirkawa da ruwa, a shafa siriri-siriri sau biyu ko uku maimakon a dambara sau ɗaya. A gwada kowane sabon fenti a ɓoyayyen wuri tukuna. Salatif ɗin da ake tare layi da shi kuma sai an fara manna shi a jikin wando sau biyu ya rage kaifi, in ba haka ba wajen ɓarewa zai taho da fentin kamfani gaba ɗaya. Ya kuma gargaɗe shi da baƙin fenti: soso in ya sha baƙi aka bar shi a rana, ƙwayoyinsa kumbura suke, jiki ya koma kamar bayan kada. A Ingila ke nan, inda rana ke leƙowa kamar mai bin bashi. A filin Basawa cikin watan Afrilu, Allah kaɗai ya san abin da zai zama.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ya fi ba taubashinka sha'awa, don a nan ne kwalliya ke karo da ilimi. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na faɗin fiffike in ka auno daga gaba. Sukan sa yatsa biyu a ƙarƙashin fukafukai a daidai wurin su ɗaga, kamar mai awon tumatir da sikelin hannu. In hanci ya ɗan sunkuya, madalla. In jela ta rinjaya, ba inda za a je. Matsalar fenti ita ce yawancin jikin jirgi a bayan wannan wuri yake, kuma jela ta fi hanci nisa da shi sau uku ko huɗu. Saboda haka giram goma na fenti a jela yakan nemi giram talatin ko arba'in na darma a hanci kafin a koma daidai, jirgi ya yi ta ƙiba ba gaira ba dalili. Suna da wata magana da suke gaya wa kowane sabon shiga, cewa jirgi mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar, mai nauyin jela kuwa sau ɗaya yake tashi. Kuma kada ka ce ƙananan jirage kaɗai abin ya dama. Kumbon Amurka da ya fara tashi a 1981, a tafiyarsa biyu ta farko an yi wa ƙatuwar tankinsa ta mai farin fenti. Daga ta uku aka daina, aka bar ta da launinta na tsatsa, aka rage nauyin kusan kilo 270.

Akwai kuma ido. Jirgi mai faɗin mita ɗaya da rabi, in ya yi nisan mita ɗari biyu, launukansa gushewa suke, ya koma baƙin tsuntsu. Mai rimot dole ya gane cikin ƙiftawa ko bayansa yake gani ko cikinsa, ko zuwa yake ko tafiya. Don haka masu hankali kan bar sama da launi mai haske, ƙasa mai duhu da manyan ratsi, irin waɗanda ko mai hakiya zai hango. Ƙananan zane-zane na burge mai kallo ne a ƙasa. Masu son jiragen yaƙi su suka fi shan wuya a nan, don fentin sajewa da daji aikinsa yake yi tsakani da Allah: jirgi ya sauko daidai bishiyoyi ya ɓace wa mai shi. Wasu kan ƙara 'yan fitilu irin na jirgin gaske, ja a hagu, kore a dama, fari a jela.

Masu jiragen yaƙin nan su ne malaman kulob, kuma musunsu ya fi na majalisarku a kan Kano Pillars da Ranchers Bees. Su ba kyau suke nema ba, gaskiya suke nema. Mutum zai zaɓi jirgi ɗaya tak da ya taɓa wanzuwa, mai lamba kaza, na runduna kaza, a wata kaza, ya tara hotunansa, ya mayar da na kwalinsa ya zama shi. A gasa ma alƙalai sai sun ga hotunan na gasken kafin su ba da maki. Bayan an gama fenti tsaf, sai kuma a shiga tsufar da shi da gangan. A goga garin alli baƙi a bayan salansa ya zama hayaƙi. A ɗiɗɗiga fensir mai ruwan azurfa a inda takalmin matuƙi ke takawa, ya zama fenti ya goge. A ja layukan haɗin ƙarfe da fensir da rula. Ka ji bambancinku: kai kana ɓoye sabon mashin a leda kada ya tsufa, su suna kwana uku suna roƙon sabon jirgi ya yi kama da tsoho.

Musu mafi zafi da taubashinka ya gani a kan ratsin baƙi da fari ne. Ana saura kwana biyu zuwa uku a ƙetara ruwa zuwa Nomandi, ranar 6 ga Yuni 1944, aka umarci rundunonin ƙawance su yi wa jiragensu ratsi biyar a fukafukai da ƙugu, fari uku baƙi biyu, faɗin kowanne inci 18 a jirgi mai inji ɗaya, don kada 'yan'uwa su harbo su. Cikin gaggawa aka yi, da burushi, ratsi da yawa suka fito a karkace. Kamfani kuwa yakan bugo su a miƙe sambal. Wani tsohon akawu ya kankare na jirginsa ya sake ja da hannu, da gangan yana bari burushi ya ɗan zarce. Abokinsa ya ce ya ɓata sabon kaya. Akawu ya koma mota ya ɗauko littafin hotuna ya buɗe a kan bonet. Bakanon naka da aka nemi ra'ayinsa ya goyi bayan akawu, don hoton ya nuna ƙarara har inda fenti ya ɗiga.

Yanzu ga inda labarin ya zo gida, kuma a gyara zama.

Ranar da Baba Mai Guga ya ji cewa maƙwabcinsa mutumin Kano ne, sai ya ajiye kofin shayi ya ce, “Kano ta hanyar Takoradi?” Ashe tun yana yaro yake karanta labarin. A yaƙin duniya na biyu, da hanyar tekun Bahar Rum ta yi haɗari, Ingila ta riƙa loda jiragen yaƙi a manyan akwatunan katako, a kai su Takoradi ta ƙasar Gana ta jirgin ruwa, a haɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, El Fasher, Khartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. An fara a watan Satumba na 1940, jirgin Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, 'yan Hurricane na biye kamar 'yan tsaki. Kafin a gama, jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Baba ya ce, to ka gani, su ma jiragen kwali ne, saura ƙiris su tashi.

Ya kuma kawo na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, lokacin da jirage uku ƙirar DH.9A suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, saukar jirgin sama ta farko a birnin. Jagoransu Arthur Coningham ne, wanda daga baya ya shugabanci rundunar sama ta hamada, sannan a 1944 ya jagoranci ɗaya daga rundunonin da aka yi wa waɗancan ratsin. Akwai DH.9A guda ɗaya a gidan tarihin sojan sama na Hendon a Landan, kuma taubashinka ya je ya tsaya a gabansa ya daɗe. A lura dai: Kano suka sauka. Sun san inda arziki yake.

Baba yana da Hurricane na katako da ya saya a haɗe, da launin kamfani na kore mai duhu da ruwan ƙasa, irin na sararin Ingila a 1940. Cikin makon nan ya feɗe shi. Ya mayar da koren launin rairayi, ya bar ruwan ƙasan, ya yi wa cikinsa shuɗi mai haske, kamar yadda aka yi wa jiragen hamada. Sannan ya sassaƙa wani ƙullutu da balsa ya liƙa a ƙarƙashin hanci. Matatar ƙura ce, wadda ake sa wa na gasken don kada rairayi ya cinye inji. Da ya zo tsufar da shi sai ya tsaya, ya kira maƙwabcinsa ta kan shinge ya tambaye shi, ƙurar Kano wane launi ce? Bakanon naka ya zauna da garin alli kala huɗu yana haɗawa a murfin kwalba, ja kaɗan, ruwan ƙasa, fari, har sai da ya fito da irin wadda ke kwanciya a gilashin mota da safiyar hunturu a titin Katsina. Da ya shafa ta a tayoyin jirgin da yatsa, sai da maƙogwaronsa ya ɗan riƙe. Shekara huɗu ke nan rabonsa da ita.

Shi ma yanzu yana da nasa. Jirgin koyo ne na farin soso, mai fiffike a sama, faɗinsa ya kusa mita ɗaya da rabi. Ana haɗa rimot ɗinsa da na malami, in ɗalibi ya rikice malami ya saki maɓalli ya karɓe tuƙi. Ya ɗumama sitikun kamfani da na'urar busar da gashi ya ɓare su tas. Cikin jirgin ya sha shuni, an yi ta sirka shuɗi da ɗigon baƙi har ya yi kama da abin da ke fitowa daga marinar Ƙofar Mata, da ratsi biyu masu faɗi ruwan ɗorawa. Saman an bar shi fari, sai dagi kore a kowane fiffike.

Dagin ne ya ci lokaci. Wata tsohuwar malamar lissafi, ɗaya daga mata biyun da ke kulob, tana da injin yanka sitika da ke aiki da kwamfuta. Aka kai mata rigar sallah don ta ga zanen a jikin aiki. Ta sa tabarau, ta bi zaren da bakin fensir, tana cewa nan ya hau, nan ya nutse, nan ya sake hawa, ta ƙi yarda ta zana sai da ta gane inda kowane layi ya bi. Ta tambayi sunan wanda ya ɗinka, aka ce wani maɗinki ne a cikin birni. Ta ce a gaya masa ya iya lissafi. Wajen mannawa aka fesa ruwan sabulu kaɗan a fiffike don sitika ta yi santsi a iya gyara mata zama, sannan aka bi da katin banki ana matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe.

Da aka ɗora a sikelin kicin, kwalliyar ta ƙara giram 34, kuma jela ta ɗan rinjaya. Maganin sai kwabo uku na peni bibbiyu, kowanne giram 7 da ɗoriya, aka liƙe su a cikin hanci. Kafin ka buɗe baki ka ce Bakano ya kai jari sama, ka tuna cewa da kai ne, sai ka bi jirgin da gudu har gonar alkama kana neman canjinka.

Abu na ƙarshe da aka manna ba na ado ba ne. Tun ƙarshen 2019 dokar ƙasar nan ta wajabta wa mai irin wannan jirgi ya yi rajista da hukumar sufurin sama, CAA, a ba shi lamba, ya rubuta ta a jikin jirgin da haruffan da suka wuce milimita 3. Masu jiragen tarihi kan sa tasu a cikin murfin batir don kada ta ɓata musu 1944. Na taubashinka ma can take.

Ranar tashinsa na farko iska ta yi sauƙi. Baba ne ya ɗaga shi, ya kai shi sama, ya juya cikinsa ga jama'a. Shunin nan da ruwan ɗorawa suka fito raɗau a cikin farin gajimare, akawun da ba ya yabon komai ya ce wannan ko daga Landan za a hango shi. Da ya karkato, dagin ya bayyana, malamar lissafi ta tafa.

To ga aiken. Baba ya sayo wani jirgin soso mai inji biyu, C-47, wanda shi ne DC-3 a kayan soja, ratsin Nomandi a jikinsa. Hunturu mai zuwa yana so ya tuɓe masa kakin ya sa masa kayan Nigeria Airways, kamfanin da ya fara a 1958 da irin waɗannan jirage a cikin garkensa, ya rufe a 2003. Hotunan da ya samu duk baƙi da fari ne ko sun koɗe, kuma abin da ya fi damunsa tambarin giwa mai fukafukai da ainihin koren. Taubashinka ya tuna jakar Hajjin Gwaggo na farko, wadda take ajiye takardun gida a ciki a ƙarƙashin gado. Ka roƙe ta da ladabi, ka ce ɗan ƙaninta ne ya aiko. Ka fitar da jakar tsakar gida da hantsi, ba cikin rana tsaka ba, ka ajiye farar takarda da rula a gefenta, ka ɗauki hoto uku daga sama kai tsaye, ɗaya kuma kusa da giwar sosai. Kada ka goge ta da ruwa, kada ka bar yara su ja zif ɗin.

Zancen kuɗin shara a bar shi sai an haɗu da babbar sallah in Allah Ya kai mu. Amarya kuma ta riga ta tsegunta wa uwargidan nan cewa sabuwar wayarka ma tana cikin ledarta har kan idon kyamara, shi ya sa hoton sunan Abba ya iso kamar an ɗauke shi cikin hazo. A ɓare wannan kafin a ɗauki giwar.

Wassalam. Naka, ubangidanka na Lesta.